Na yi wa gidana fentin Abuja, Inna ta koma kwana a tsakar gida

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Kan fentin nan ruwan toka da ya zama yayi a gidajenmu na Lafani da cikin Illela zan yi magana. Da kaina zan fara don kada wani ya ce da shi nake. Kuɗina na sa, da yatsana na nuna kalar, ba wanda ya tilasta ni.

2/
Gidan ba wani babba ba ne. Filat ne mara bene, ɗaki uku da falo, shekara shida ina lallaɓa shi, yau bulo ɗari gobe buhun siminti biyu. Da aka zo kan fenti sai na ciro hoto a waya, wani gida a sababbin unguwannin Abuja: bango ruwan gawayi, tagogi baƙaƙe, rufi baƙi mai tsini. Na ce wa mai fenti haka nake so, kada ya rage komai.

3/
Tsohon maginin da ya ɗora mini ginin, sa'an mahaifina ne, ya leƙa bokitin fentin, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Yaro, wanga launi na masu iyakwandishan ne. Kana da ita?" Na yi dariya na ce, "Baba, ai zamani ne." Ya ce, "To, Allah shi sa albarka." Ya kwashe kayan aikinsa ya tafi, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

4/
A watan Disamba aka yi fentin, tsakiyar hunturu. Gaskiya gida ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Masu babur na rage gudu suna kallo. Wani ma ya tsaya ya ɗauki hoto, ya tambaye ni sunan kalar. Na yi ta jin kaina wata uku cur.

5/
Sai Afrilu ta shigo. Ɗakin Inna shi ne na yamma. Ran nan da la'asar na ɗauki butar da aka jingine da bangonta zan yi alwala, wallahi ruwan kamar an sauke shi daga wuta. Na ɗora tafin hannu a kan bangon, ban iya barinsa ba. Kuma abin bai tsaya da rana ba: har ƙarfe ɗayan dare bangon yana huci a cikin ɗakin.

6/
Kwana uku Inna ta jure. Na huɗu ta jawo tabarmarta zuwa tsakar gida. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki koma ciki, ga fanka." Ta ce, "Ɗakin ga awa tanda. Fankar taka iskar wuta taka kaɗawa. Ni dai bar ni nan." Tsohuwa mai hawan jini, wadda don ita na fara ginin nan, tana kwana a waje a zamanin da kowa ya san yadda dare yake a gabashin Sakkwato.

7/
Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗakinta na tsohon gidanmu na ƙasa, wanda na ɗauko ta daga ciki ina ganin na yi mata gata, da tsakar rana ka shiga sai ka ji kamar an buɗe randa. Katangar laka mai kauri, 'yar taga ɗaya a sama, inuwar dogon yaro a kai. Ban taɓa jin ta yi kukan zafi a can ba.

8/
Dalilin ba boyayye ba ne, duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a bazara ya sani. Farin fenti sabo yana mayar da kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kansa. Baƙi ba ya mayar da ko kashi 10, sauran duk shanyewa yake ya zama zafi. Ruwan gawayi kuwa ƙanen baƙi ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

9/
Shi kuma bulon siminti rumbu ne. Ya tara zafin yini, rana ta faɗi ya fara raba muku shi a ɗaki. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ka ɗauki bango ka shafe shi da kalar da ta fi kowace shan rana, ka ɗora masa baƙin rufi, sannan ka zauna kana jiran wutar lantarki ta cece ka. Mai gidan Abuja da na kwaikwaya yana da janareta da na'urar sanyi a kowane ɗaki. Ni hoton kawai na gani.

10/
Kafin a fara zuwa mini a ƙasan zaren nan: ban ce ruwan toka haramun ne ba. Ina son kalar har gobe. A ƙasarmu ta ƙura ma tana da wani amfani da fari fat ba shi da shi, don farin bango wata biyu na hunturu ya isa ya mayar da shi ruwan ƙasa. Rigimata da mai duhun ce. Tsakanin tokar murhu mai haske da gawayi akwai tafiya mai nisa.

11/
Kuma a lura, ruwan toka iri biyu ne a garin nan. Akwai na yayi, irin nawa, wanda aka saya da tsada. Akwai kuma na dole: gidan da aka yi wa filasta aka tsaya nan, launin siminti tsirara. Ka zaga Lafani, ka bi hanyar Illela har bakin iyaka, waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba.

12/
Kowa ya san dalili. Arzikin yankin nan a kan iyaka yake, tsakaninmu da Ƙonni. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Mutane sun fara farfaɗowa, sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya zo, aka sake garƙamewa har Maris na 2024. A daidai farkon 2024 ɗin kuma buhun siminti ya haura naira dubu goma.

13/
Abin ban takaici, muna zaune tsakanin masana'antun siminti biyu, ga Kalambaina ta wajen Sakkwato, ga Malbaza a tsallake cikin Nijar, amma mutum ya kai ginin linta ya tsaya shekara biyu. Duk gidan da ka gani ba fenti, kada ka ce mai shi ba ya son ado. Sau da yawa kuɗin fentin ne ya tafi wurin hatsi lokacin da kasuwar Lahadi ta mutu.

14/
Ga masu irin wannan gida nake da albishir: kun fi ni sa'a. Filastar siminti tsirara ta fi ruwan gawayina sanyi. Kada wanda ya ci bashi don ya mayar da gidansa irin nawa. In akwai ɗan abin hannu, a sayi farar ƙasa a shafe bangon yamma da na kudu, ko da shi kaɗai ne. Ruwan damina zai ɗauraye wani abu, a sake shafawa. Ai iyayenmu haka suke yi gab da Sallah.

15/
Kada a raina farar ƙasa wai kayan talaka ce. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin Mayun 2010 ya kashe mutane da yawa, sun fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, kuma cikin abubuwan da suka bi da su har da shafe rufin gidajen talakawa da fari. Gidajen tsibiran Girka da muke gani a hoto muna sha'awa, farare tas, su ma asali farar ƙasa ce.

16/
Yanzu ga wanda ya dage sai ruwan toka, kuma yana da kuɗin fenti. Shawarata, ɗauki mafi hasken da ke cikin katin kaloli, wanda in ka gan shi a shago za ka ce ai wannan kusan fari ne. Kada ka yanke hukunci a cikin shago. Sa a shafa maka faɗin tabarma a bangon yamma, ka bar shi kwana uku, ka zo da la'asar ka ɗora hannu. Hannunka ya fi katin gaskiya.

17/
Mai duhun kuma a ajiye shi inda yake da aiki: gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu. Nan ne ruwan sama ke fallatso taɓo, nan awaki ke goga jiki, nan yara ke jan gawayi da hannun miya. Ɗamara mai duhu a nan tana ɓoye datti, kuma tana sa gida mara bene ya zauna daram a ido, ba kamar akwatin da aka ajiye a kan yashi ba.

18/
Amma ko nan akwai tarko. In gindin bangon yana shan damshi, za ka ga wani farin gishiri yana fitowa kamar kanwa, kuma a kan fenti mai duhu ya fi tona asiri. In ka rufe shi da fentin mai, sai ya kumbura ya ɓare. Maganin ba a bokitin fenti yake ba. A yi daɓen siminti mai ɗan gangare zagaye da gida, ruwa ya gudu nesa da tushe.

19/
Abin da ni na fi so a gindin bango ma ba fenti ba ne, dutsen marmara ne. Ga shi nan birjik a ƙasarmu, ja mai duhu. Jan marmara a ƙasa, toka mai haske a sama, ƙofa ruwan ƙasa ko shuɗi irin na baba. Na ga wani gida haka a hanyar Kalmalo, na tsayar da babur na daɗe ina kallo. Ba tayil ɗin waje ko ɗaya a jikinsa, kuma shekara goma ba zai nemi gyara a wurin ba.

20/
Af, na tuna. Masu gaggawar tarewa, ku bar filasta ta sha ruwa ta bushe kamar mako huɗu kafin fenti ya hau. Ni kwana tara na ba ta saboda ina son a ga gida kafin wani biki. Yau bangon gabas duk ya yi dabbare-dabbare kamar mai ƙyasbi.

21/
Sai rufi, wanda shi ne babban laifina. Gida mara bene kusan duk ranar tsakar yini a kan rufinsa take sauka, ba wani ɗaki a sama da zai tare maka. Baƙin kwano mai tsakuwa da muke rububi, mai tsini kamar zai taɓo gajimare, ya ci katako, ya ci kuɗi, ga shi yana tara zafi a saman silin. In da zan sake, kwano mai haske zan sa, in bar ƙofofin iska a ƙarƙashinsa da raga don zafin ya sami hanyar fita.

22/
Ɗaya yayin kuma shi ne a ja bango sama a ɓoye kwanon gaba ɗaya, gida ya fito kamar akwati. A nan ba zan yi rantsuwa ba, don yana da hujja. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye kwanon mutane a yankin nan ya san amfanin rawani a kan gini. Magabata ma da rawani suke gina soro.

23/
Sai dai su sun haɗa shi da indararo mai tsawo da ke watsa ruwa can nesa da bango. Mu kuwa sai mu ɓoye magudanar a bayan rawanin, ganyen dogon yaro da leda su toshe ta, ruwan Agusta ya dawo ta cikin silin. Kuma ka rasa inuwar da bakin kwano ke yi wa bango. In za ka yi rawani, yi, amma fito da indararo fili, ka yi wa kowace taga 'yar rumfar kankare a kanta.

24/
Wannan ya kawo ni kan abin da na yi imani da shi yanzu: kyan gida mara bene daga waje, inuwa ce ke yin sa, fenti na biye ne. Baranda mai zurfin da za a shimfiɗa tabarma. Bakin rufi da ya fito sosai. Bishiya a yamma. Bango mai launin toka ba shi da wani abin kallo a karan kansa, sai inuwar ganye ta faɗo a kansa yake yin rai.

25/
Maginanmu na da sun san kowane bango da abokin gabarsa. Na gabas ruwa ne, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa suke ba shi makuba ko laso. Na yamma rana ce. Ni da na zo da hoton waya, bango huɗu na yi musu riga iri ɗaya, na kuma buɗe babbar taga ta gilashi tana kallon faɗuwar rana. A ɗakin tsohuwa.

26/
Bishiya: dogon yaro ya fi saurin ba da inuwa kuma yana jure ƙishi, amma a ja shi taku bakwai ko takwas daga gini, saiwarsa ba ta da kunya. A kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. Masu shafe ƙofar gida kaf da intalok ba ko ramin shuka ɗaya, ku taka shi ba takalmi da azahar sannan mu yi magana.

27/
Sai dakali. Yaushe muka daina gina dakali? Sababbin gidajenmu katanga ce doguwa ruwan toka, waya mai reza a sama, baƙin get, shi ke nan. Ka bi layi da yamma ba inda dattijo zai zauna, ba inda maƙwabci zai tsaya a gaisa. Wanda ya zo ta'aziyya ma sai an yi ta neman benci.

28/
Na san amsar: tsaro. Ba zan yi wa kowa dariya a kan wannan ba, ni ma na ja katangata sama, kuma na san abin da ya sa. Amma dakali bai rage wa katanga tsawo ba. Layin da mutane ke zaune a ƙofar gida har bayan isha'i, da fitilar sola a saman kowace ƙofa, baƙon fuska ba ya ratsa shi ba a gan shi ba. Layin da kowa ya kulle kansa a akwati, ko ihu ka yi sai an yi shawara kafin a leƙo. Ga shi kuma dakalin yana kare gindin katanga daga ruwa.

29/
Wani zai ce to mu koma ginin laka ke nan? Ban ce ba, ni ma ban koma ba. Amma mu daina ganin duk abin da ya fito daga ƙasarmu ƙauyanci ne. Tsallaka iyaka kaɗan, cikin jihar Tawa, akwai masallacin Yama da magini Falke Barmu ya fara a 1962 da laka. A 1986 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda duniya ke ji da ita.

30/
A Dandaji, duk a jihar Tawa, Mariam Issoufou 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Ku nemi hotunan. Gini ne na zamani sosai, ba wanda zai kalle shi ya ce na talauci ne, kuma launinsa launin ƙasar da yake tsaye a kai ne. Waɗannan maƙwabtanmu ne, zafinmu ɗaya, ƙurarmu ɗaya. Ni na tsallake su na je Abuja aron hoto.

31/
Ko ado ake so, muna da namu. 'Yan zankwaye biyu a saman ƙofar shiga. Dagi ɗaya da aka zana a cikin filasta tun tana ɗanya, a bar shi fari a kan tokar. Ɗaya fa na ce. Na ga gidan da aka yi wa dagi goma sha, da ginshiƙan Rum na siminti, da tayil mai ƙyalli har saman get, ido ya rasa inda zai sauka.

32/
Kuma don Allah masu fenti, ku riƙa faɗa wa mutane gaskiya. Nawa da na koma masa da ƙorafi cewa ya yi, "Alhaji, ai na sani, amma kai ka nuna hoto." Ban ga laifinsa sosai ba, mai kuɗi ya nuna abin da yake so. Sai dai da ya ce mini kalar nan tana koɗewa a ranarmu, shekara ɗaya ta koma kamar tsohon allo, wataƙila da na tsaya na yi tunani. Wataƙila. Tsoho ma ya faɗa ban ji ba.

33/
Na je na same shi makon jiya, shi Baba magini, na ce, "Baba, na zo ne a kan maganar nan." Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ce in fara da bangon yamma, in toshe rabin tagar, in kafa rumfar zana a jikinta kafin bishiya ta girma. Rufin kuma a bar shi sai Allah ya hore, amma a fasa mishi ƙofofin iska biyu.

34/
An kafa rumfar, dogon yaro biyu na cikin kwando suna shan ruwan wanke-wanke. Fenti mai haske bokiti uku na falo, mai fenti zai zo ran Litinin bayan kasuwa. Inna dai ta ce ba ta mayar da tabarmarta ciki sai ta taɓa bangon da hannunta bayan la'asar. Zan saka hoton kafin da na bayan a ƙasan zaren nan in an gama.